Kafson koren shayi: abin da aka rubuta a jikin roba, shi ne a ciki?

Maman Sadiya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni a Kano nake, ina 'yar sana'ata a cikin gida: atamfa, turaren wuta, humra, da kayan gyaran jiki da mata ke nema. A cikin kayan nan babu wanda ya kai kafson koren shayi na rage ƙiba da teɓa tafiya, musamman idan biki ya matso ko mace ta gama wankan jego. Kala uku nake sayarwa, kuma a kansu nake roƙon masu ilimin abin su wayar min da kai, don ni karatuna bai bi ta fannin magani ba.

Na farko yana zuwa a farar roba mai koren murfi. Ƙanin maigidana ne ke aiko min da shi daga Amurka idan an dace da mai tahowa. A gaban robar an rubuta 500 mg. A baya, cikin ɗan akwatin nan mai ƙananan rubutu, an ce kafso biyu ake sha a lokaci guda, kuma biyun 1,000 mg ne. A ƙasa an sa "98% polyphenols" da "45% EGCG". Shi ya fi tsada, shi ya sa yake daɗewa ban sayar ba.

Na biyu a nan gida nake sarinsa wajen wani mai kawo kaya. A gaban robarsa an buga 10,000 mg da manyan lambobi ruwan gwal. Mace na shigowa shi take fara miƙa wa hannu, tunda ko yaro ya san dubu goma ta fi ɗari biyar, ga shi kuɗinsa bai kai rabin na farkon ba. To amma na zaro kafso ɗaya daga kowace roba na jera su a tafin hannuna, girmansu ɗaya sak. Na ɓare su na zazzage a kan farar takarda, garin ma kusan yawansa ɗaya. Bambancin kawai, na Amurkan ruwan ƙasa ne mai haske, ga ɗaci da bauri har ya kama harshe, na biyun kuwa kore ne shar, yana ƙamshin ganye. Ina dubu goman ta shige a ɗan wannan gari? A bayan robar ba a ambaci EGCG ko sau ɗaya ba, sai wani 20:1 da aka maƙala a gefe.

Na uku shi ya hana ni sukuni. A kwali yake zuwa, da hoton wata siririyar mace ta naɗa tef ɗin tela a ƙugu. A baya an jera sunayen tsirrai bakwai, koren shayi ne a sama, amma ba a faɗi nauyin kowanne ba, an haɗe su duka an rubuta "proprietary blend 1,200 mg". Akwai wani jan hatimi mai cewa "FDA approved". Babu adireshin kamfani, babu ƙasar da aka yi shi. Shi ne kuma ya fi kowanne kasuwa, domin mata na ganin canji da wuri. Wata kwastomata ta dawo sayen wani kwalin tana murna, siket ɗinta ya fara yi mata yawa. Cikin hira take ce min sam ba ta jin yunwa, bakinta kullum a bushe, barci ba ya zuwa sai wajen asuba, wani lokaci kuma tana zaune sai ta ji gabanta na dukan uku-uku. Ita a wajenta alamar magani na aiki ke nan. Ni kuwa jikina ya yi sanyi, don ina shan koren shayi na ganye ban taɓa jin haka ba.

Sannan akwai maƙwabciyata da aka gano tana da ciwon hanta nau'in B lokacin awon ciki. Yanzu tana shayarwa, tana son ta rage jiki. Ta ce min, "Yaya, ai ganye ne kawai, ko?" Na ce ta dakata sai na tambaya.

Don Allah, waɗannan lambobi da ake bugawa a jikin roba, akwai wanda ke bi ya auna ya tabbatar haka suke a ciki? Wace lamba ce ma ya kamata mutum ya duba? Ni haƙƙi nake tsoro. Kuɗin mutane nake karɓa, kuma idan an rubuta mudu alhali rabin mudu ne a ciki, ko kuma an cusa wani abin da ba a faɗa ba, da hannuna na miƙa.

Ɗan Damagaram:

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Mu nan Damagaram koren shayin nan na ƙasar Sin shi ne abin shanmu a fada, safe da yamma, dafawa uku a kan gawayi. Tsofaffinmu sun tsufa suna shan sa, ban taɓa jin wanda ya kwanta asibiti saboda shi ba. A ganina in dai da gaske koren shayi ne a cikin kafson, babu abin tsoro. In kuma zuciyarki ba ta kwanta ba, ki sari ganyen kansa, irin 41022 ko 4011 ɗin da ke zuwa a ƙananan kwalaye, ki sayar masu su dafa. Ganye dai ido na ganinsa, hanci na jin ƙamshinsa. Sai dai ki ce masu kada su zuba sukari irin namu, don shi kaɗai ya isa ya hana mutum ramewa.

Famasis Zazzau:

Wa alaikumus salam. Maman Sadiya, Allah ya saka miki da alheri da kika tsaya kika tambaya. Aikina harhaɗa magunguna ne, kuma irin waɗannan robobi ba sa yankewa a wajena, mutane na kawowa in duba masu.

Na gaggawa tukuna. Na kwalin nan ki daina sayar da shi yau, ki kira matar ki ce ta daina sha, ta je a auna mata hawan jini da bugun zuciya, kuma ta tafi da kwalin ta nuna wa likita. Dalilin zan dawo in yi bayaninsa da dare idan na tashi aiki.

Yanzu mu yi lissafin robar farko, don ita ce ta faɗi abin da za a iya lissafawa. Abin da ake nema a koren shayi wasu sinadarai ne da ake kira katekin, babbansu kuma shi ne EGCG. Shi ake talla da shi, shi ne kuma ake zargi idan hanta ta taɓu. 500 mg ɗin da ke gaba nauyin tataccen garin ne gaba ɗaya. Kashi 45 cikin 100 na 500 shi ne 225, ke nan kowane kafso na ɗauke da EGCG miligiram 225, biyu kuma 450. Matar da ta ƙosa ta rame ta sha biyu da safe biyu da dare, ta haɗiyi 900 a yini. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai, EFSA, ta fitar da nazari a 2018 cewa daga miligiram 800 na EGCG a rana, idan ta hanyar kafso aka sha, ana samun mutanen da gwajin hantarsu ke hawa. Ta kuma ce ba ta iya tsayar da wani adadi da za a ce shi kam babu haɗari ba. A jihar Minnesota ta Amurka an yi gwaji da mata sama da dubu da suka daina al'ada: rabi suna shan 843 mg kullum har shekara guda, rabi suna shan kafson da babu maganin a ciki. Waɗanda gwajin hantarsu ya hau sun fi yawa nesa ba kusa ba a cikin masu shan na gasken. Don haka 225 ɗin nan ita ce lambar da ta shafi lafiyar mai sha, kuma kin ga ba a rubuta ta ko'ina ba, sai mutum ya zauna ya fitar da ita da kansa.

Sai robar dubu goma. Miligiram 10,000 giram goma ke nan, wajen nauyin ganyen da ke cikin jakar shayi biyar irin ta tsomawa a kofi. Babu kafson da zai ɗauki wannan, manya ma da ƙyar suke wuce giram ɗaya. Amsar tana cikin 20:1 ɗin da kika gani. A faɗar kamfanin, an tace ganye kashi ashirin aka fitar da gari kashi ɗaya. Raba 10,000 gida ashirin, za ki samu 500. Wato garin da ke ciki 500 mg ne, daidai da na farkon, sai suka ɗauko nauyin ganyen da suka ce da shi aka fara suka buga a gaba. Tunda kuma ba su faɗi EGCG ba, babu yadda za a yi ki san ko miligiram 20 ne a ciki ko 300.

Duk wannan lissafi fa idan rubutun gaskiya ne. A nan ne tambayarki take, kuma an sha aunawa. Tun a 2006 masu bincike a jami'ar California da ke Los Angeles suka sayi kala 19 na irin wannan kafso suka auna, suka tarar a wasu abin da ke ciki bai kai abin da aka rubuta ba, a wasu kuma ya zarce. Akwai kuma wata haɗakar likitocin hanta a Amurka da ake kira DILIN, masu tattara bayanan mutanen da magani ya taɓa wa hanta. Sukan karɓi robobin da marasa lafiyar suka sha su kai ɗakin gwaji. A rahotonsu na 2013 sun auna kaya 97. Guda 73 ba su ambaci koren shayi a jikinsu ba, amma an samu katekin a 29 daga cikinsu. A wani rahoton na 2019 sun duba kaya 272 masu jerin sinadarai a jiki, fiye da rabi abin da ke ciki ya saɓa wa rubutun, kuma na rage ƙiba suna cikin waɗanda suka fi muni. A yi adalci, waɗannan kaya ne da aka karɓo daga hannun marasa lafiya, ba za a ce haka duk kasuwar take ba. Amma a Amurka ne fa, inda ake da ɗakunan gwaji da kotunan da ake kai kamfani ƙara. Ni abin da ya fi damuna shi ne wancan 29 ɗin. Ƙarancin abin da aka rubuta asarar kuɗi ce. Abin da ba a rubuta ba kuwa, ko likita ya tambayi mara lafiya ko yana shan tataccen koren shayi zai ce a'a, kuma iyakar saninsa gaskiya ya faɗa.

Malam na Damagaram, maganarka a kan ganye tana kan hanya. EFSA ɗin ma ta ce shayin da aka dafa yadda aka saba gaba ɗaya ba shi da matsala, masu shan sa kan samu tsakanin miligiram 90 zuwa 300 na EGCG a rana. Amma kai kana kurɓa ne kaɗan-kaɗan, yini guda, cikinka da abinci. Kafso kuwa a haɗiya ɗaya yake zuba abin kofi da yawa, ga shi masu neman rama da sassafe suke sha ciki babu komai, lokacin da jiki ya fi zuƙe shi zuwa cikin jini. Da azumi na ga masu buɗa baki da shi da ruwa kafin su ci ko dabino. Sannan jikin mutane ba ɗaya ba ne. A 2021 likitocin DILIN sun gano cewa akasarin waɗanda koren shayi ya taɓa wa hanta suna ɗauke da wata ƙwayar gado mai suna HLA-B*35:01. Shi ya sa mata da yawa za su sha kaya iri ɗaya lafiya lau, wata kuma ta sha idonta ya yi rawaya.

Maƙwabciyarki kada ta sha ko ɗaya daga cikin ukun. Mai ciwon hanta ba a ƙara mata nauyi, ga kuma shayarwa. Kuma ba ita kaɗai ba ce: babban binciken NAIIS na 2018 ya nuna wajen kashi 8 cikin 100 na manya a Nijeriya na ɗauke da ciwon hanta nau'in B, da yawa ba su ma sani ba. A cikin matan da ke shigowa gidanki akwai irinta da ba a gwada ba.

Maman Sadiya:

Innalillahi. Na gode Malam, Allah ya ƙara ilimi. Na kira matar, ta ce gobe za ta je asibiti, na kuma kwashe kwalayen na kulle a durowa. Na sake duba kayan da kyau. Mai dubu goman yana da lambar NAFDAC, a ƙarshenta akwai harafin L. Na Amurkan ba shi da ita tunda a jaka aka shigo da shi. Na kwalin ma babu, sai wancan hatimin na FDA. Ni da ma a tunanina duk abin da ke da lambar NAFDAC ko hatimin FDA an auna komai da ke jikinsa ne. Ba haka ba ne?

Baban Amir:

Hajiya, bari in amsa miki ɓangaren FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, tunda a Amurka nake zaune. Wannan hatimin shi kansa ya isa ya sa ki guje wa kayan. FDA ba ta amincewa da irin waɗannan kayan ƙarin lafiya kafin su shiga kasuwa, magungunan asibiti take yi wa haka. Dokar da ke tafiyar da su ta 1994 ce, ana kiranta DSHEA, kuma a ƙarƙashinta kamfani ne ke da alhakin tabbatar da cewa kayansa ba su da illa kuma rubutun jikinsu gaskiya ne. A 2007 an ƙara ƙa'idojin yadda za a riƙa haɗawa da gwadawa a masana'anta, hukuma kan kai ziyarar dubawa, amma ba ta bin kowace roba ta auna. Galibi sai an samu matsala take shigowa. Haka aka yi a 2009 da Hydroxycut, wani shahararren maganin rage ƙiba: sai da aka tara rahotanni 23 na ciwon hanta, har da mutuwar mutum ɗaya, sannan aka yi gargaɗi aka janye shi. Wasu kamfanonin kan rubuta cewa masana'antarsu na da rajista da FDA. Wannan rajistar adireshi ce kawai, ba shaidar an gwada kayan ba.

Shi kuma haɗin nan na kwalin da aka ba shi nauyi ɗaya, wato "proprietary blend", doka ta yarda da shi a nan. Kamfani zai faɗi jimillar nauyin, ya jera sunayen daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, shi ke nan, wai don kada a sace masa sirrin haɗi. Ke mai saye ba za ki san ko koren shayin miligiram 1,000 ne cikin 1,200 ɗin ko 200 ba. Faɗin adadin EGCG ma ba dole ba ne a nan, ganin dama ne.

Abin da muke yi, muna neman roba mai tambarin masu gwaji masu zaman kansu, kamar USP Verified ko NSF. Su sukan auna su ga ko abin da aka rubuta yana ciki, su duba gubar ƙarfe da ƙwayoyin cuta. Ba sa cewa maganin yana rage ƙiba, iyakarsu rubutun ya dace da abin da ke ciki. Ki ce wa ƙanin maigidanki ya riƙa dubawa, kuma ya shiga shafinsu ya nemi sunan kayan, don tambari ma ana buga na jabu.

Hajjaju Mai Kaya:

Ni fa ina ganin ana tsorata baiwar Allah ne kawai. Ni ma ina sayar da irin na kwalin nan a Kaduna, babu wadda ta taɓa dawo min da ƙorafi, sai godiya. Mata suna ramewa a sati biyu, suna turo min hotuna. Wancan mai tsadar na Amurka na taɓa kawo shi, mutum zai shanye roba guda bai ga komai ba. To wanne ne na gaske a ciki? Rashin barci da bushewar baki ai ko kofi mutum ya sha da yawa zai ji. A bar mutane su nemi halal ɗinsu.

Malama Mai Lab:

Ni a ɗakin gwajin sinadarai nake aiki, zan ƙara abu biyu ko uku a kan abin da Malam Famasis ya faɗa.

Maman Sadiya, wancan 98% ɗin na folifenol (polyphenols), wato babban rukunin sinadaran tsirrai da katekin ke cikinsa, kada ya burge ki. Yawanci da gwajin launi ake fitar da shi. Wanda aka fi sani shi ne Folin-Ciocalteu: a zuba ruwan gwajin a kan samfurin, ya koma shuɗi, a auna duhun shuɗin. Gwajin ba ya bambance folifenol na shayi da na wani tsiron, ko bitamin C aka haɗa a ciki zai sa lambar ta hau. EGCG kuwa sai da na'urar HPLC, wadda ke rarrabe sinadaran ɗaya bayan ɗaya ta faɗi nauyin kowanne. Ita ce mai tsada, ita ce kuma mai faɗin gaskiya. Ki nemi mai kawo miki kaya ya ba ki takardar sakamakon gwaji ta kamfanin, ki duba lambar rukunin da ke kan takardar ko ta dace da wadda aka buga kusa da ranar ƙarewar wa'adi a gindin robar. Idan takarda ɗaya yake nuna wa kowa shekara da shekaru, ba ta da amfani.

Launin da kika gani kin lura da kyau. Tataccen gari mai yawan katekin yakan zama ruwan ƙasa ko ya ɗan yi rawaya, kore shar kuwa ya fi kama da ganyen da aka niƙa kawai. Ba hujja ba ce da za ki kama mutum da ita, ido ba ya maye gurbin gwaji, amma dalili ne na yin tambaya.

Sannan ko kamfani ya zuba daidai, katekin ba ya jure zafi da laima. Kayan da ya daɗe a kwantena a tashar jirgin ruwa, ya hau tirela zuwa Arewa, ya zauna a shago mai rufin kwano cikin zafin Afrilu, ba lallai ya kai abin da aka rubuta ranar da aka rufe robar ba. Akwai ma wani aikin haɗin gwiwa na ma'aikatar noma ta Amurka da cibiyoyin binciken lafiya na ƙasar, DSID, da ya gwada kayan koren shayi, aka samu waɗanda ba sa narkewa a cikin lokacin da ƙa'idar USP ta ɗiba. Irin wannan ko abin yana ciki ba lallai ya fita ya shiga jiki yadda ake zato ba.

Famasis Zazzau:

Na dawo. Hajjaju, ba neman hana kowa abinci nake ba, kuma tambayarki ta wanne ne na gaske ita ce ainihin maganar. A 2012 ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan koren shayi da rage ƙiba, ta ce ramar da yake sawa 'yar kaɗan ce, ba ta kai a ce tana da tasiri ga lafiya ba. Ke nan robar da kika ce an shanye ba a ga komai ba, halin koren shayi na gaske ta nuna. Wanda ke zubar da ƙiba a sati biyu ya kashe yunwa ɗungurungum shi ne abin tuhuma.

Akwai wani magani mai suna sibutramine da a da likitoci ke rubutawa don rage ƙiba. A 2010 aka janye shi a Turai da Amurka bayan babban gwaji ya nuna yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Illolinsa da aka sani su ne bushewar baki, rashin barci, ɗaukewar yunwa, saurin bugun zuciya da hawan jini. Ki gwada su da abin da kwastomar Maman Sadiya ta lissafa. Bayan an janye shi bai ɓace ba, ya koma cikin kayan da ake cewa na ganye ne. Wani nazari da aka buga a 2018 ya bi jerin kayan da FDA ta kama da ɓoyayyen magani daga 2007 zuwa 2016, guda 776. Na rage ƙiba 317 ne a ciki, kuma wajen kashi 85 cikin 100 nasu sibutramine aka samu. Gaskiyarki ce cewa yawan kafeyin ma na iya hana barci ya sa zuciya gudu, kuma sai gwaji ne zai raba gardama a kan wannan kwalin. Amma ko wanne ne, an zuba abu mai ƙarfi ba a faɗi adadinsa ba. Mai hawan jini ba ta dawowa da ƙorafi wajen mai sayarwa, asibiti ake wucewa da ita, kuma babu wanda zai tuna da kwalin da ke cikin jakarta.

Maganar NAFDAC, Maman Sadiya: harafin L ɗin nan yana nufin an sa kayan a jerin magungunan ganye da aka duba ta fuskar rashin cutarwa, aka ba su izini na wani wa'adi. Ba ya nufin an tabbatar yana yin aikin da ake tallarsa da shi. Ki duba jikin robar, ya kamata ki ga an rubuta cewa NAFDAC ba ta tantance iƙirarin ba. Lambar tana da amfani sosai, don akwai kamfani da adireshin da za a kama idan an samu matsala, amma ki tabbatar ta gaske ce wajen hukumar, don ana kwafar lambar wani kayan a manna.

Idan kina son ma'aunin da za ki riƙe, ki ari na Turai. Su sun daɗe da ganin abin: tun 2003 Faransa da Sifaniya suka janye Exolise, wani maganin rage ƙiba na tataccen koren shayi, saboda rahotannin ciwon hanta. A ƙarshen 2022 Tarayyar Turai ta kafa doka cewa abin da za a sha a rana kada ya kai 800 mg na EGCG, dole a rubuta adadinsa a jiki, a kuma rubuta cewa ba a sha ciki babu abinci, ba a haɗa shi da wani kayan koren shayi a rana ɗaya, kuma masu ciki, masu shayarwa da 'yan ƙasa da shekara 18 ba sa sha. Duk robar da ba ta faɗi EGCG da miligiram ko da kashi ba, ni ba zan ajiye ta ba. Ki kuma riƙa tambayar mai saye ko tana shan wani magani. Koren shayi na rage shigar nadolol, wani maganin hawan jini, cikin jiki, yana kuma rage zuƙar sinadarin ƙarfe daga abinci, ga matanmu da yawa da ƙarancin jini. Wadda ta sha ta ga fitsarinta ya yi duhu, idonta ya yi rawaya, ko tana jin ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama da tashin zuciya da kasala, ta daina nan take ta je a yi mata gwajin hanta.

Maman Sadiya:

Allah ya biya ku baki ɗaya. Na yi wa mai kawo min na dubu goman magana a kan takardar gwaji, ya ce zai tambayi waɗanda suke ba shi, ni kuma na ce ba zan ƙara ɗauka ba sai na gani. Maƙwabciyata na gaya mata, ta haƙura. Saura kwalayen da na kulle. Da kuɗina na saro su, kuma wanda ya sayar min ya ce in dawo da su ya canza min da wani kayan. In mayar masa, ko yaya zan yi?

Famasis Zazzau:

Idan kika mayar, gobe suna hannun wata mai sana'ar a wata unguwar. Na san asara ce, Allah ya mayar miki da alheri. Ki ɗauki hoton kwalin gaba da baya, har da lambar rukuni idan akwai, ki ajiye rasit ko saƙonnin cinikin da ke wayarki. Ki kai kwalayen ofishin NAFDAC na jiha, ki tabbatar akwai waɗanda ba a buɗe ba, don irinsu ake so wajen gwaji. Abin da ya samu kwastomarki kuma a shigar da shi a manhajar Med Safety, wadda ake kai rahoton illar magani ta cikinta, ko ita da kanta ko likitan da zai duba ta gobe. Ki duba littafin cinikinki ki kira sauran matan da suka sayi kwalin, ki fara da masu hawan jini da waɗanda suka haura shekara arba'in.